Yadda Za Ka Duba Lafiyar Kifin Beta, Ka Riƙe Shi Ya Daɗe a Hannunka

Kifin beta na farko da na riƙe bai cika wata biyu a gidana ba. Ja ne wur, jelarsa kamar an baza mayafi a cikin ruwa. A ɗan kofin roba na saye shi, ruwan ciki bai kai rabin lita ba, mai sayarwar kuma ya ce mini ai wannan kifi ba shi da wahala, a sa shi a kwalba a riƙa jefa masa abinci, shi ke nan. Na samo kwalbar gilashi mai faɗin baki na ajiye a kan tebur kusa da taga. Tsakiyar hunturu ne a Kano. Mako uku yana yawonsa, daga nan ya fara kwanciya a gindin kwalbar, jelar ta tsuke, bakinta ya yi baƙi ya fara zagwanyewa. Wata safiya na tarar da shi a kife. Abin ya daɗe yana damuna, domin da na nemi sani daga baya sai na gane ya nuna mini duk alamun da ake bukata, kwana da kwanaki, ni ne ban san yadda ake karanta su ba.

Wanda ke gabana yanzu shuɗi ne mai ɗan ja a ƙarƙashin ciki, ya shiga shekararsa ta uku. Abin da na koya tsakanin wancan da wannan shi zan rubuta, don wanda ya sayo nasa jiya ko yake shirin saye.

Ka fara sanin daga ina ya fito

Asalin beta ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta, Kambodiya da Laos da Biyetnam. A can yana zaune ne a gonakin shinkafa da fadamu da ƙananan ƙoramu, ruwa mai ɗumi, mara gudu, cike da ciyayi da busassun ganyaye. Mutanen Tailan suna ce masa "pla kat", wato kifi mai cizo, saboda maza biyu ba sa haɗuwa ba su yi faɗa ba, kuma a shekarar 2019 gwamnatin ƙasar ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Sunansa na kimiyya Betta splendens. Na daji gajeren fiffike gare shi, launinsa kuma ba ya ɗaukar ido sosai. Waɗannan masu dogayen jela da muke gani a shago, kiwo ne na shekara da shekaru ya fito da su.

Akwai wata gaɓa a cikin kansa da ke ba shi damar shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa. Duk wanda ya taɓa ganin tarwaɗa ta yini a baho a kasuwa da ɗan ruwa kaɗan ba ta mutu ba ya san irin wannan baiwar. Ita ce kuma ta jawo wa beta wahala, don mutane suna ganin bai mutu a kofi ba sai su ɗauka kofin ya ishe shi. Gonar shinkafa ba ta da zurfi, gaskiya ne, amma faɗinta fa? Kifin da ke kofi jurewa kawai yake yi, kuma juriyar tana da iyaka.

Duban safiya

Kowace safiya kafin in ba shi abinci nakan ja kujera in zauna gaban akwatin gilashin kamar minti uku zuwa biyar. Wannan zaman ya fi kowane magani da ke cikin durowata amfani. Idan ka saba da yadda kifinka yake a ranar da yake lafiya, ranar da wani abu ya canza ba sai an gaya maka ba.

Abu na farko, ya zo ko bai zo ba? Beta yana gane mai ba shi abinci. Nawa da ya ga inuwata yakan taso daga bayan 'yar tukunyar da yake ɓuya ya zo gaban gilashi yana kaɗa jiki, ya ɗago baki sama. Idan na zauna minti ɗaya bai fito ba, ko ya fito ya koma ya lafe a ƙasa, na san akwai magana. Ƙin cin abinci na kwana ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne, musamman ga sabon zuwa, wanda kan yi kwana biyu ko uku yana baƙunta. Wanda ya saba cin abinci da zumuɗi ya wayi gari yana kallon ƙwayar tana nutsewa bai bi ta ba, shi ne abin lura.

Sai fiffike da jela. Mai lafiya yana baza su idan yana iyo, suna bin sa a hankali kamar yadi. Mara lafiya yana matse su a jiki, jelar ta zama siririya kamar an naɗe lema. Wannan matsewar ita ce alamar farko da kifina na farko ya nuna, mako guda kafin komai ya bayyana, kuma ita na fi so sabon mai kiwo ya riƙe. Ka duba bakin jelar da kyau. Ya kamata ya zama launi ɗaya da sauran, ko ya ɗan yi haske. Idan ya yi baƙi ko ruwan ƙasa, ya yi tsattsage kamar tsohon tsumma, ruɓa ta fara.

Sai launi. Kifi yakan kwana launinsa ya ɗan dusashe, ya dawo bayan an kunna fitila, wannan ba komai. Amma idan ya yini a koɗe, ko ka ga wasu layuka biyu ko uku sun miƙe daga kai zuwa jela, a tsorace yake ko a takure. An fi ganin waɗannan layuka a jikin mata da ƙanana da masu gajeren fiffike.

Daga nan ka miƙe tsaye ka leƙa shi ta sama. Mutane da yawa ba sa yin wannan, kuma ta nan ake gane abu biyu. Ta sama, jikinsa ya kamata ya yi kauri a kafaɗa ya sirance a hankali zuwa jela. Idan kai ya fi jiki faɗi, ya rame. Idan ciki ya bullo gefe da gefe, ko dai an cika shi da abinci ko akwai ciwo. Ɓawon jikinsa kuma ya kwanta luf. In ka ga ya tattashi kamar bayan abarba, wannan babbar magana ce, zan zo kanta.

Ka duba idanu, su zama garau, girmansu ɗaya. Ka duba marfin numfashin da ke gefen kansa, yana buɗewa yana rufewa a natse. Hawa sama ya shaƙi iska ya dawo ɗabi'arsa ce. Amma ya maƙale a saman ruwa yana haki, marfin yana bugawa da sauri, ko cikin marfin ya yi ja kamar an ƙona, ruwan ne ke cin sa. Har kashinsa nakan duba: mai lafiya dunƙulalle ne mai launin abincin da ya ci. Fari siriri mai tsawo da ke bin sa kwana da kwanaki yana iya nuna tsutsar ciki.

Da wannan idon za ka zaɓi kifi a shago. Ka kai yatsa kusa da kofin, ka ga ko ya juyo. Kada kyan jela ya sa ka ɗauki wanda ke kwance a ƙasa, kuma kada tausayi ya sa ka fara kiwo da mara lafiya, domin jinya tana son gwaninta da ba ka samu ba tukuna.

Akwai abubuwan da ke firgita sabon mai kiwo alhali ba ciwo ba ne. Kumfar da namiji ke tarawa a kusurwar ruwa sheƙa ce yake ginawa don ƙwai, a wurinsu namiji ne ke renon ƙwan. Gina ta ba shaidar lafiya ba ce, rashin gina ta kuma ba shaidar ciwo ba. Yakan yi barci a kan ganye ko a ƙasa, wani lokaci a karkace har ka zaci ya mutu. Wasu masu dabbare-dabbaren launi suna canza kala gaba ɗaya cikin 'yan watanni, gado ne. Mace tana da ɗan farin ɗigo guda a ƙarƙashin ciki, mafitar ƙwai ce. Idan kuma ya ga kansa a madubi ya buɗe marfin numfashinsa ya kumbura kamar zakara, lafiya ce ta kawo haka, sai dai kada ka bar madubin ya wuce minti ɗaya ko biyu.

Ruwa

A cikin duk matsalolin da na gani, a gidana da gidajen waɗanda suka kira ni in duba musu, mafi yawa daga ruwa suka taso. Shi ya sa idan kifi ya canza, ba na tambayar wane magani za a saya sai na tambayi yaushe aka canza ruwa, kuma zafinsa nawa.

Ka nemi akwatin gilashi mai cin lita 20 ko fiye. Jarka ɗaya ke nan ta 'yan garuwa, ba wani abu mai yawa ba. Mai tsawo a kwance ya fi mai zurfi, saboda kifin yana hawa sama shan iska, kuma dogon fiffike nauyi ne a gare shi. Dalilin girman ba yawo kaɗai ba ne. Ruwa kaɗan yana saurin ɓaci, yana saurin sanyi, yana saurin zafi. Lita 20 ta fi lita 2 sauƙin riƙewa nesa ba kusa ba.

Zafin da yake so tsakanin digiri 24 ne zuwa 28, ni nakan tsayar da nawa a 26. Ka sayi ma'aunin zafi ka manna a ciki, kada ka dogara da yatsa. A nan ne yanayinmu ke shigowa. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu daren Kano yana sauka ƙasa da digiri 15 a waje, ruwan da ke kusa da taga kuma yana bin sa. Sanyi yana rage wa beta kuzari, ya hana abinci narkewa, ya buɗe ƙofa ga ciwo. Abin da ya fara karya kifina na farko ke nan. Ƙaramar hita ta akwatin kifi mai wat 25 zuwa 50, irin wadda ke kashe kanta idan zafi ya kai, ta ishi lita 20. Idan aka ɗauke wuta da dare nakan lulluɓe akwatin da bargo, in bar ɗan wurin shigar iska, in cika gorar roba da ruwan ɗumi in rufe ta da kyau in sa ta yi yawo a ciki. Kada ka zuba ruwan zafi kai tsaye. A watan Maris da Afrilu kuwa matsalar juyawa take yi, ruwa ya haura 30. Ka cire hita, ka janye akwatin daga inda rana ke bugawa, ka sa fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan. Ƙanƙara ba ta da wuri a nan. Saurin canjin zafi ya fi zafin kansa illa.

Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, shi kuma yana ƙona mashaƙar kifi. Akwai ɗigon maganin kashe kulorin da ake sayarwa a shagunan kifin ado, kwalba ɗaya takan yi watanni. Ajiye ruwa a buɗaɗɗen bokiti na kwana ɗaya ko biyu yana korar kulorin zalla, amma akwai wani nau'insa da ake haɗawa da amoniya wanda ba ya fita da ajiya, don haka ɗigon ya fi kwanciyar hankali. Ruwan rijiya ko na burtsatse ba shi da kulorin, sai dai in rijiyar tana kusa da masai ko kwata ka gwada shi tukuna. In kana sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ka tabbata jarkar ba ta taɓa ɗaukar fetur ko mai ba. Kowanne ka zaɓa, ka tsaya a kansa. Beta yana iya sabawa da ruwan da bai cika daidai ba, abin da ba ya jurewa shi ne yau wannan gobe wancan.

Yanzu ga abin da ba a gani da ido. Kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗa su zama amoniya, guba ce, kuma ta fi ƙarfi idan ruwa ya yi zafi. Ruwa yana iya zama garau kamar na sha alhali yana cike da ita. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani suna mayar da amoniya naitirait, ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wadda ba ta da illa sai ta taru. Waɗannan ƙwayoyi a jikin soson matatar ruwa da tsakuwa suke zama, kuma sabon akwati yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Wannan tazarar ce ke kashe sabbin kifaye. Abin da ya fi shi ne a haɗa akwatin a bar shi ya nuna kafin a kawo kifi, ana jefa 'yar ƙwayar abinci kowace rana don ƙwayoyin su sami abin ci. In kuwa ka riga ka kawo kifin, kamar yadda yawancinmu muka yi, sai ka riƙa canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk bayan kwana biyu har makonnin su wuce. In ka san wani mai tsohon akwati mai lafiya, ka roƙe shi guntun sosonsa, zai rage maka jira sosai.

Kayan gwajin ruwa na ɗigo sun fi na takarda gaskiya. Lambobin da za ka haddace uku ne: amoniya 0, naitirait 0, naitiret ƙasa da 20.

Matata mai soso, wadda ƙaramin injin iska ke turawa, ita ta fi dacewa, domin ba ta da ƙarfin da zai riƙa wurgi da kifin. Idan ka ga yana fama da igiyar ruwa, ko yana ɓuya a kusurwa ɗaya kullum, ka rage ƙarfin. Akwai ƙananan injinan iska da ke aiki da batirin cajin waya, suna taimakawa idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba.

Ni ranar Asabar nake canza ruwa. Nakan cire wayar hita, in sa siririn tiyo in zuƙe kusan lita 5 ko 6 daga ƙasa inda datti ke taruwa, in mayar da sabon ruwa mai zafi ɗaya da na ciki, a hankali, ta kan faranti don kada ya tayar da tsakuwa. Kifin yana ciki, ba na fitar da shi. Sau ɗaya a wata nakan matse soson a cikin tsohon ruwan da na zuƙe. Kada ka wanke shi a famfo, kada ka juye akwatin gaba ɗaya ka goge shi tas, kuma sabulu ko omo kada su kusanci komai nasa. Tsaftar da ta wuce kima tana kashe ƙwayoyin da ke tsare masa rai. Bokitinsa da tiyonsa nasa ne shi kaɗai, na rubuta a jiki don kada a ɗauka a yi wanki.

Ranar da ka kawo shi, ka sa ledar a saman ruwan minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita, ka riƙa ƙara masa ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan ka sake shi ba tare da ka juye ruwan shago a ciki ba. Ka kashe fitila ka ƙyale shi.

Akwatin yana bukatar murfi, beta gwanin tsalle ne, murfin kuma yana tare ƙurar hunturu. Ka bar tazarar yatsa biyu tsakanin ruwa da murfi don ya sami iska. Ka sa masa maɓoya. Nawa 'yar tukunyar ƙasa ce sabuwa da na goge bakinta ya yi santsi. Duk abin ado na roba, ka ja siririn gyale a kansa, in ya kama gyalen to zai yaga jela. Tsiro mai rai ya fi, ko da irin mai yaɗon nan ne da ake sawa a kwalba a falo, saiwarsa a ruwa ganyensa a waje. Akwai kuma bishiyar almon mai faffaɗan ganye da ake dasawa don inuwa a makarantu da asibitoci, wadda ganyenta ke yin ja kafin ya faɗo. Masu kiwon beta a Tailan sun daɗe suna sa busasshen ganyenta a ruwa. Ka tsinci wanda ya bushe da kansa, daga inda ba a fesa magani ba, ka ɗauraye, ka jefa guda. Ruwan zai yi kalar shayi, haka ake so.

Abinci

Beta mai cin nama ne. A daji ƙwari da tsutsar sauro yake ci. Burodi, shinkafa, tuwo, biskit, duk ba nasa ba ne, ka gaya wa yaran gida tun ranar farko. Ka sayi ƙwayoyin abincin beta waɗanda kifi ko jatan lande ne farkon abin da aka lissafa a jikin robar. Ƙwaya 2 zuwa 4 da safe, haka da yamma, gwargwadon girmansu. Nakan jefa ɗaya-ɗaya, sai ya haɗiye in ƙara. Abin da ya nutse bai ci ba, ka cire shi. Rana ɗaya a mako ba na ba shi komai.

Zai roƙe ka kamar bai taɓa ci ba, kada ka biye masa. Yawan abinci yana kumbura masa ciki, yana kuma ɓata ruwa, illa biyu a lokaci guda.

Tsutsar sauro ita ce abin da ya fi so, in ka ga yadda yake farautarta za ka ji daɗi. Amma ban yarda mutum ya ajiye ruwa da gangan yana kiwon sauro a gida ba, zazzaɓin da muke fama da shi ya isa. In ka tarar da su a wani mazubi mai tsabtar ruwan sama da damina, ka kwashe da rariya, ka ɗauraye, ka ba shi kaɗan, ka zubar da ragowar ruwan. Na kwata ko lambatu kada ka taɓa.

Idan ciwo ya zo

Matakin farko kullum ɗaya ne: ka duba zafi, ka gwada ruwa, ka canza kusan rabinsa. Sau da yawa kwana uku na ruwa mai tsabta da ɗumi sun isa.

Ruɓar fiffike ita ta fi yawa. Ka bambanta ta da yagewa. Wanda ya kama wani abu ya yage, tsagar a miƙe take, bakinta ba ya canza launi. Wanda ya ciji jelarsa da kansa, kamar yadda masu nauyin jela kan yi, za ka wayi gari ka ga an gutsure guntu-guntu. Ruɓa kuwa a hankali take ci, da baƙin baki ko ja. In ba ta yi nisa ba, canjin ruwa duk kwana ɗaya ko biyu da ganyen almon suna warkar da ita. Ana iya ƙara gishiri zalla wanda ba a haɗa shi da aidin ko wani abu ba, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ga kowace lita 4, a narkar da shi tukuna, kuma kada a wuce kwana 10. Gishiri ba ya bin tururi ya fita, don haka gwargwadon ruwan da ka zuƙe kawai za ka mayar. Alamar sauƙi ita ce wani siririn baki mai haske kamar leda da ke fitowa a gefen jelar. Ranar da na fara ganin wannan a jikin shuɗin nan, bayan ya yi fama a shekararsa ta farko, na daɗe a tsugune ina kallo. In ruɓar ta doshi jiki, sai maganin kashe bakteriya na kifi, ka nemi likitan dabbobi. Kada ka fasa kafson mutane ka zuba bisa ƙiyasi.

Fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri, tare da goga jiki a tsakuwa, ƙwayar cuta ce da ke shiga ƙarƙashin fata. Magani ba ya samun ta sai ta faɗo ta hayayyafa a ruwa, shi ya sa ake ɗaga zafi a hankali zuwa 28 ko 29 don ta yi saurin faɗowa, a sa maganin farin ɗigo yadda aka rubuta a kwalbar, a kuma ci gaba kwanaki bayan ɗigon ƙarshe ya ɓace. Masu dainawa da wuri su ne ke ganin ya dawo.

Akwai wata cuta mai kama da ƙurar zinariya, da wuya a gan ta da rana. Ka kashe fitilar ɗaki ka haska shi da tocila daga gefe. In ka ga yana ƙyalli kamar an yayyafa masa hoda mai ruwan gwal, ita ce. Tana amfana da haske, don haka ana rufe akwatin ya yi duhu lokacin jinya.

Farin abu kamar auduga a baki ko a gadon baya, shi kuma akasin farin ɗigo ne: zafi yana ƙara masa gudu. Kada ka ɗaga hita, ka nemi magani da wuri, yana kisa cikin kwanaki kaɗan.

Wanda ke iyo a karkace, ko ya kasa nutsewa, ko ya kasa tasowa, yawanci cikinsa ne ya cushe ya danne jakar iskar da ke daidaita shi. Ka hana shi abinci kwana 2 ko 3, ka rage zurfin ruwan don ya kai sama ba wahala. Ido ɗaya da ya kumbura galibi bugewa ce, biyun tare kuwa daga ruwa ne ko ciwon ciki.

Sai kumburin da ke tayar da ɓawo kamar abarba. Wannan alama ce cewa ƙoda ko wata gaɓa ta gaza, ruwa ya taru a jiki. Ba zan ɓoye maka ba, kaɗan ne ke tashi daga wannan. Ka ba shi ruwa mai tsabta, ɗumi, duhu da natsuwa, ka sa masa ganye kusa da sama inda zai kwanta ya shaƙi iska.

Abubuwan cikin gida

Maganin sauro na fesawa yana kashe kifi, kuma beta iskar ɗakin yake shaƙa. Kafin a fesa, ka kashe injin iska, ka rufe akwatin ruf da babban tawul, kada ka buɗe sai ɗakin ya sha iska. Maganin sauro na kunnawa da turaren wuta, a nisanta su da shi. Kafin ka sa hannu a ruwan ka ɗauraye shi sosai, kada ya kasance da sabulu ko man shafawa ko turare, bayan ka gama kuma ka wanke da sabulu. In kana da rauni a hannu, ka sa safar roba.

Shi kaɗai za ka ajiye. Maza biyu za su yayyaga juna, namiji da mace ma ba a barin su tare sai ga gwanayen da ke haɗa su don hayayyafa. Kaɗaici ba ya damun sa. Dabbar da ka tsare a gilashi amana ce, ci da shanta da lafiyarta duk sun koma wuyanka, don haka masu haɗa su faɗa don nishaɗi ba na tare da su ko kaɗan.

Da dare a kashe masa fitila, yana bukatar duhu ya yi barci. Awa 8 na haske sun isa.

Beta yakan yi shekara 2 zuwa 4, kuma yawancin mazan da ake sayarwa sun riga sun yi wata 6 zuwa shekara kafin su iso shago, don sai jela ta cika ake fito da su. Tsufansa a hankali yake zuwa, launi ya ragu, barci ya ƙaru, wani lokaci ya kai wa ƙwaya cafka ya kuskure. Ciwo kuwa cikin kwanaki yake sauya shi. Nawa ya fara nuna tsufan, shi ya sa na rage masa zurfin ruwa na ƙara ganyaye kusa da sama.

In tafiya ta kama ka, kamar zuwa gida da Sallah, baligin beta mai lafiya yana iya yin kwana 3 ko 4 ba abinci ba abin da zai same shi. Ka canza ruwa kwana ɗaya kafin ka tafi, kada ka cika shi da abinci wai guzuri. In za ka wuce haka, ka ƙirga ƙwayoyin kowace rana ka ƙulle su a 'yan takardu, ka rubuta ranar a jikin kowace, ka ba wanda zai duba maka. Robar abincin kuwa ka ɓoye ta.